Sharhi kan tayoyin ƙanƙara na gwanjo da ake ɗaura wa Hilux da Prado a Sakkwato

Duk wanda ya shiga wurin masu sayar da tayoyin gwanjo a cikin garin Sakkwato yana neman lamba 265/65 R17, wadda ita ce mafi yawan Hilux da Prado na yanzu suke ɗauka, zai tarar da wata irin taya da ta fi sauran ɗaukar ido. Zanenta yana da zurfi, fuskarta cike take da ƙananan tsage masu lanƙwasa, robarta tana da taushi har farce yana iya lotsa ta, kuma a gefenta akwai hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiyarsa. Kuɗinta bai kai na sabuwar taya ba ko kusa, sannan sunan da ke jikinta sau da yawa na manyan kamfanoni ne, irin su Bridgestone, Michelin, Continental ko Nokian. Mai shago zai buga ta da tafin hannu ya ce, "Alhaji, wagga 'yar Jamus ta, duba zanenta, ko rabi ba a ci ba." Bai yi ƙarya ba a kan zanen, kuma bai yi ƙarya ba a kan inda ta fito. Abin da bai faɗa ba shi ne aikin da aka ƙera ta dominsa, kuma a nan ne duk maganar take.

Wannan taya ta sanyi ce, an yi ta ne domin hanyoyin da dusar ƙanƙara ke lulluɓewa ko ruwa ke daskarewa a kansu. A ƙasar Finlan aka fara ƙera irinta a 1934, domin manyan motocin ɗaukar kaya, a kamfanin da yanzu ake kira Nokian, bayan shekara biyu kuma aka fitar da samfurin Hakkapeliitta na ƙananan motoci, wanda har yau ake ci gaba da yin sa da wannan suna. Dabarar da ke cikinta ta fi ƙarfi a haɗin robar. Roba ta yau da kullum tana fara ƙandarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, kuma taya mai ƙandararriyar fuska ba ta manne wa hanya, zamewa take yi. Saboda haka masu ƙera tayar sanyi suke haɗa robar da za ta zauna da taushinta ko da sanyi ya kai digiri 20 ko 30 ƙasa da sifili. Ƙananan tsagen nan kuwa, waɗanda suka kai ɗaruruwa a kowace taya, suna buɗewa idan nauyi ya hau kansu, bakin kowanne ya ciji ƙanƙarar, ya kuma share ɗan siririn ruwan da ke kwance a kanta, domin wannan ruwan ne ainihin abin da ke sa santsi. Akwai waɗanda ake dasa wa ƙananan ƙusoshin ƙarfe, ana amfani da su sosai a Finlan da Suwidin da Rasha, amma Jamus ta hana su tun 1975, Japan ma ta yi dokar taƙaita su a 1990 saboda ƙurar da suke tayarwa idan suna kankare kwalta. Ƙoƙarin neman abin da zai maye gurbin ƙusa ne ya haifar da Blizzak ta kamfanin Bridgestone, wadda ta fito a 1988, mai roba cike da ƙananan ramuka da ido ba ya gani.

A wurin da aka yi ta dominsa, wannan kaya ne mai kyau ƙwarai, kuma ya kamata a faɗi haka ba tare da rage mata komai ba. 'Yan'uwanmu da karatu ko aikin asibiti ya kai Kanada ko arewacin Turai, idan suka sayi mota mai jan ƙafa huɗu, da yawansu suna ɗauka sun gama da matsalar hunturu. Jan ƙafa huɗu yana taimakon mota ta tashi, ta hau tudu, ta fita daga inda ta kafe, amma ba ya ƙara mata komai a lokacin taka birki, domin kowace mota da ƙafa huɗu take tsayawa, kuma babbar mota nauyinta ya fi ƙarama tura ta gaba. Taya ce kaɗai ke tsayar da mota a kan ƙanƙara. Wannan ne ya sa lardin Kebek na Kanada ya wajabta tayar sanyi tun 2008, wa'adin yanzu kuma daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris ne. Jamus ba ta ɗaura dokarta a kan wata ba, ta ɗaura ta a kan yanayin hanya, kuma daga Oktoban 2024 ba ta ƙara amincewa da tayar da ba ta ɗauke da hoton dutsen nan mai kai uku a matsayin tayar sanyi.

Akwai alamomi biyu da ake yawan rikitawa, kuma rikicin yana shafar mai saye a can da mai saye a nan. Ta farko ita ce M+S, wadda ake nufin laka da dusar ƙanƙara da ita. Wannan alama ba ta buƙatar wani gwaji a kan hanya, siffar zanen taya kawai ake dubawa, shi ya sa za a gan ta a jikin kusan kowace tayar babbar mota, har da waɗanda ba za su tsinana komai ba a kan santsi. Ta biyu ita ce hoton dutsen, wanda ƙungiyoyin masu ƙera taya na Amurka da Kanada suka fito da shi a 1999, kuma ba a buga shi sai taya ta ci gwajin da ya nuna ta fi wata tayar ma'auni kama dusar ƙanƙara da aƙalla kimanin kashi 10 cikin ɗari. To amma gwajin na dusar da aka danne ne, bai ce komai ba game da daskararren ruwa mai sheƙi. Saboda haka ne ake samun tayoyin kowace-hanya, masu harafin A/T, irin su BFGoodrich KO2, Falken Wildpeak A/T3W, Toyo Open Country A/T III da Yokohama Geolandar G015, suna ɗauke da hoton dutsen alhali ba tayoyin sanyi ba ne na ainihi. Suna yin abin kirki a cikin dusa mai kauri, inda manyan haƙoransu ke tona, amma a kan ƙanƙara mai santsi tayar sanyi ta gaskiya ta fi su tsayawa da nisa. Tayar laka, mai harafin M/T, wadda samari ke so saboda kwarjininta, ita ce mafi muni a kan santsi, domin haƙoranta manya ne, robarta mai tauri ce, kuma ba ta da ƙananan tsagen da za su ciji wani abu. Tarayyar Turai ta lura da wannan giɓi, shi ya sa takardar bayanin da ake liƙa wa sabuwar taya tun Mayun 2021 take da alama dabam ta kamun ƙanƙara.

Dalilin da ya sa waɗannan tayoyi suke cika kasuwanninmu da zanensu da sauran zurfi ba boyayye ba ne. Mafi ƙarancin zurfin zane da doka ta yarda da shi ga tayar ƙaramar mota a Turai milimita 1.6 ne, amma tayar sanyi tana daina amfani tun kafin ta kai nan. Suwidin tana neman milimita 3 a lokacin hunturu, Ostiriya tana neman milimita 4, kuma masu sana'ar a can suna ba mutane shawarar su canza tayar da zarar ta kusa milimita 4. A samfuran Blizzak da yawa ma, robar nan ta musamman a saman zanen kaɗai take, kimanin kashi 55 cikin ɗari na zurfinsa, idan ta cinye sai a isa ga haɗin da bai kai ta ba. Ga kuma shekaru: taya da ake ɗaurawa wata huɗu ko biyar a shekara, sannan a cire a ajiye, tana iya tsufa tun zanenta bai taɓu sosai ba. Mai ita zai yar da ita, dillali ya tattara, a loda a kwantena, ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Afirka ta Yamma, ta biyo hanya har ta iso gare mu. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigo da su Nijeriya, in ban da wasu manya na tirela da ake sabunta wa fuska, amma tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙera taya a Legas ba da jimawa ba, kusan duk tayar da muke hawa daga waje take zuwa, kuma tsadar sabuwa ta sa kasuwar gwanjo ba ta taɓa mutuwa ba.

Na ga yadda irin wannan taya take aiki a ƙasarmu a jikin wata Hilux ta wurin aikinmu, wadda ke zirga-zirga tsakanin gari da gonakin da ke wajen Wurno da Goronyo, aka ɗaura mata guda huɗu a farkon hunturu. Gaskiya a watannin farko babu abin kushewa. Tafiyarta tana da laushi, ba ta da ƙugin nan da tayar laka ke yi a kan kwalta, kuma a kan burji mai tsakuwa tana shanye girgiza fiye da tayar da aka cire. A cikin rairayi ma ba ta ba da kunya ba, musamman idan direba ya rage mata iska, kuma wannan ba abin mamaki ba ne, domin dusa mai zurfi da yashi mai laushi dabara ɗaya suke so, wato a faɗaɗa tafin taya domin mota ta yi iyo a sama maimakon ta tona. Da wannan dabara ce kamfanin Arctic Trucks na ƙasar Aisilan ya gyara Hilux da tayoyi masu inci 38 aka ratsa daskararren teku da ita a arewacin Kanada a 2007, ana tafiya da iskar da ba ta taka kara ta karya ba. Sai dai alherin tayar a nan ya tsaya.

Da zafi ya shigo, sai halinta na gaskiya ya bayyana. A Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu zafin rana yana wuce digiri 40 a kai a kai, kwaltar da rana ta doka kuma ta fi iskar da ke samanta zafi nesa ba kusa ba, alhali ko a tsakiyar hunturu da asuba da wuya sanyinmu ya kusanci digiri 7 ɗin da aka gina tayar a kansa. Ɗaura ta a nan daidai yake da saka wa mutum rigar sanyi mai gashi a watan Afrilu a ce ya tafi Illela da ƙafa. Robar da aka yi ta domin ta yi taushi a cikin sanyi sai ta wuce misali, haƙoran zanen suka riƙa lanƙwasawa a ƙarƙashin nauyi, direba ya fara kukan cewa sitiyari ya yi sakwa-sakwa a kan kwana, motar kuma tana ɗan lilo idan ta ɗauki buhuna. Birki ma ya ƙara tsawo a kan busasshiyar kwalta, abin da ya fi kowanne ba ni tsoro, ganin yadda dabbobi da masu babur ke faɗo wa titi babu sallama a hanyar Gusau da ta Tambuwal. Zanen nan mai zurfi da aka saye ta dominsa ya riƙa narkewa ana gani, gefunan haƙoran suna gutsurewa a kan tsakuwa, ƙananan tsagen kuma suka zama maɓoyar ƙananan duwatsu. Kafin damina ta kankama tayoyin gaba sun kusa zama sumul, kuma da aka shiga lakar fadama sai zanen da ya rage ya cushe nan take, domin ramukansa ƙanana ne, ba sa zubar da laka. Mai facin da ke duba motar ya gaji da cire ƙaya daga gefenta, saboda bangon irin wannan tayar sanyi siriri ne, ba a yi shi domin kututturen gero da ƙayar bagaruwa ba.

Babban haɗarin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne fashewa. Taya tana tara zafi a cikin jikinta gwargwadon yadda take lanƙwasawa, kuma roba mai taushi da ta tsufa, a kan kwalta mai zafi, da kaya fiye da kima, da gudu, da iskar da ba ta cika ba, ta tara duk sharuɗɗan da ke sa fuskar taya ta rabu da wayoyin da ke riƙe da ita. Mota mai tsayi irin Hilux ko Prado ba ta yafe fashewar taya a kan gudu kamar yadda ƙaramar mota take yi, domin nauyinta yana sama, juyewa ba ta yi mata wuya. Harafin ƙarshe na cikakkiyar lambar taya, wanda ke zuwa bayan lambar girma (ba R ɗin da ke cikin R17 ba), yana faɗin iyakar gudun da aka gwada ta a kai: Q kilomita 160 ne a awa, R 170, S 180, T 190, H kuma 210. Tayoyin sanyi na ƙasashen arewa da yawa Q ko R ko T ne, kuma wannan iyaka ta sabuwar taya ce mai cikakkiyar lafiya, ba ta wadda ta yi shekaru a rumbun ajiya sannan aka matse ta a cikin wata tayar domin a rage kuɗin kwantena ba. Lambar da ke zuwa dab kafin harafin kuma ta nauyi ce, 112 tana nufin kilo 1,120 a kowace taya, 115 kilo 1,215, 121 kuma kilo 1,450, kuma wanda ke loda albasa ko shinkafa a bayan mota ya kamata ya san wadda yake hawa.

Saboda haka shawarata ga mai babbar mota a Sakkwato ita ce ya bar tayar sanyi ta ainihi a inda ya gan ta, komai kyan sunanta da arahar kuɗinta, domin araha ba ta ado, kuma tayar da za ta ƙare a cikin 'yan watanni ta fi sabuwa tsada idan aka yi lissafin kilomita. Gane ta ba shi da wahala. Sunanta yakan tona mata asiri, domin za a ga kalmomi irin su Winter, Ice, Snow, Alpin, Nordic, Studless, Blizzak ko Hakkapeliitta a gefenta. Tsagenta sun yi yawa fiye da na kowace irin taya, wata tana da ƙananan ramukan da aka cire ƙusoshi daga ciki, da yawansu kuma suna da kibiya mai nuna gefen da za su juya. Amma kada hoton dutsen shi kaɗai ya kori mai saye, kuma wannan wuri ne da na ga masu faci da kansu suna kuskure, suna cewa duk mai wannan hoto ta ƙanƙara ce. Tayar A/T mai hoton dutse an yi ta ne domin zafi da sanyi baki ɗaya, ana hawan irinta a hamadar Ostireliya da kudancin Amurka, kuma ita ce ta fi dacewa da wanda rabin tafiyarsa kwalta ce, rabi kuma burji da rairayi da laka. Wanda ba ya barin kwalta sai jefi-jefi, tayar kwalta, mai harafin H/T, irin wadda motar ke fitowa da ita daga kamfani, kamar Dunlop Grandtrek ko Bridgestone Dueler, ta ishe shi, ta fi shiru, kuma ta fi sauƙin shan mai. Tayar M/T sai wanda aikinsa ke cikin fadama da damina, shi ma ya sani cewa tana da ƙara kuma ba ta son jiƙaƙƙiyar kwalta. Idan akwai harufan LT a gaban lambar, bangon ya fi kauri kuma ya fi jure ƙaya da kaya, ko da yake tafiyar za ta ɗan yi tauri.

Kowace iri aka zaɓa, a ɗaura iri ɗaya da girma ɗaya a ƙafafu huɗu. Wannan sananniyar ƙa'ida ce a ƙasashen ƙanƙara, inda saka tayar sanyi a gaba kawai ke sa bayan mota ya juyo a kan kwana, kuma tana da muhimmanci a nan ma, domin motar da ke jan ƙafa huɗu tana wahalar da giyarta idan wata taya ta fi wata tsawon zagaye. Iska kuma a bi abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, a auna da safe kafin taya ta yi zafi, da geji mai aiki, ba da bugun ƙarfe ba. Wanda ya rage iska zuwa 18 ko 20 a ma'aunin geji na PSI domin ya ratsa rairayi ya wajaba ya mayar da ita kafin ya hau kwalta da gudu, shi ya sa ƙaramin famfon da ake haɗawa da batir ya fi fitilun ado amfani a irin wannan mota. Ɗabi'ar nan ta sace wa taya iska da rana wai don kada zafi ya fasa ta kuskure ce mai hatsari, domin taya mai ƙarancin iska ita ce ta fi yin zafi.

Game da masu shagunan, ban ga alamar cewa yawancinsu suna ha'inci da gangan ba. Kayan a gauraye suke zuwa musu, su ma da ido suke tantancewa, kuma a wurinsu zurfin zane shi ne ma'aunin kyau. Wanda muka yi hulɗa da shi bai hana a duba ba, ya bari an juya kowace taya an leƙa cikinta, ya kuma nuna wadda aka taɓa yi wa faci tun kafin a tambaye shi, abin da ba kowa ke yi ba. Inda ya gaza shi ne bai san karanta shekarar taya ba, ko kuma bai ga amfanin karantawar ba. A gefen kowace taya akwai layin da ya fara da DOT, kuma tun shekarar 2000 lambobi huɗu na ƙarshe suke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 3518 na nufin mako na 35 na 2018. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana ɗaukar shekara huɗu daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya, kamfanin Michelin kuma yana cewa a riƙa kai ta ga masani kowace shekara bayan ta yi biyar ana amfani da ita, kuma kada ta wuce goma ko da zanenta yana nan. Cikakkiyar lambar a gefe ɗaya kawai ake buga ta a yawancin tayoyi, saboda haka idan ba a gan ta a gefen da aka nuna ba, sai a sa yaron shago ya juyo ɗaya gefen, idan kuma aka tarar an kankare wurin ko an goge shi, kada a tsaya yin ciniki a kan wannan tayar.